Wata uku muna hana Baba abinci da sunan muna jinyarsa

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauki waya sai kunya ta kama ni in ajiye, dan ba labari bane da za a karanta a ce sannu da ƙoƙari. Abinda yasa na daure yau, satin da ya wuce a layin wankin ƙoda na ga wata baiwar Allah ta kawo mijinta daga wajen Gumel, ta buɗe kwano tana ba shi farar shinkafa gaya, ba mai ba miya ba komai, shi kuma yana ta kau da kai kamar yaron da ake ba magani. Wallahi sai na ga kamar ni ce a zaune a wajen shekara biyu da wani abu da suka wuce, har kwanon irin namu ne.

Mu mutanen ƙasar Auyo ne, wani ɗan ƙauye ba nisa da Haɗeja. Baba manomin fadama ne, da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa da tattasai. Ƙaton mutum ne a da, irin wanda zai ɗaga buhun shanshera shi kaɗai ya ɗora a amalanke yana wa samari dariya. Yana da hawan jini tun da daɗewa amma irin shan maganinmu na ƙauye yake yi, in kai yayi ciwo a sha, in ya lafa a jefa a ƙarƙashin katifa. Ga kuma ƙwayoyin gajiya na masu tallar magani a faranti, duk yamma in ya dawo daga gona sai ya haɗiyi biyu ko uku, ga jiƙe-jiƙe na basir da na shawara. A yankinmu ciwon ƙoda ba baƙo bane, tun daga Haɗeja har Nguru har Gashuwa da wuya ka samu wanda bai san gidan da ya shiga ba, amma dai kullum gani kake na wasu ne.

Bayan ambaliyar 2022 wadda ta cinye mana shinkafa kaf, ƙafafunsa suka fara kumbura, da safe fuska ta tashi, ga amai ga shaƙuwa mai wuyar tsayawa. Mun ɗauka damuwar asara ce. Da aka yi gwaji akace ƙoda ce ta gaza amma ba a kai ga wanki ba tukuna, likita yace a rage masa gishiri, a rage nama da kifi da ƙwai, a daina duk wani magani in ba wanda aka rubuta ba. Wannan maganar daidai ce a wancan lokacin, ku riƙe wannan dan nan ne muka ɓata. A watan Disamba abin ya rikice, wata rana da asuba muka same shi baya gane mutane, sai Kano. Aka sa masa roba a wuya inda ake jona injin wankin jini aka yi wanki na farko, bayan na uku ya buɗe ido ya ganni yace Uwata me muke yi a nan. Sunan mahaifiyarsa gare ni shi yasa yake ce min haka.

Toh daga nan aka shiga zirga-zirga. Ka'ida akace sau uku a sati, awa huɗu akan inji, amma aljihunmu sau biyu ya iya, wani satin ma sau ɗaya. Ƙila a ranar da aka sallame mu an yi mana bayanin abinci, ba zan rantse ba, dan ni a ranar kaina baya jikina, lissafin kuɗi kawai nake. Abinda na sani shine mun koma gida da tsohuwar doka a kanmu, ba nama ba kifi ba ƙwai, kuma tunda ciwon ya ƙaru sai muka ga ai dole dokar ma ta ƙaru. A da ragewa akace, mu sai muka hana gaba ɗaya.

Sannan ga 'yan dubiya, Allah ya saka musu da alheri amma kowa ya zo da tasa. Gwaggo tace mai ciwon ƙoda baya cin mai. Wani abokin Baba yace gero zafi gare shi a daina ba shi fura da tuwon gero. Wata maƙwabciya tace ɗan uwanta miyar kuka ce ta kashe shi. Wani yaro da yayi karatu a Dutse ya nuna mana bidiyo a waya wai duk abu mai launin ja ko kore guba ne ga ƙoda. Inna kuma duk wanda aka faɗa sai ta ƙara a lissafi, ba ta cire ko ɗaya, tsoro take kar a ce ita ta ba shi abinda ya kashe shi. Kafin wata guda abincin Baba ya koma koko ba suga da safe, farar shinkafa ko taliya gaya da rana, da dare tuwon masara da wani ruwa-ruwa da muke kira miya dan dai kar a ce ba a yi ba. Ni nake girkawa, ni nake kai masa, kuma in ya ci cokali huɗu ya ture sai in ce a raina Alhamdulillah ko ba komai ƙodar ta huta.

Shi ma ɗin bai taimaka ba dan ciwon da kansa yana kashe sha'awar abinci. Yace bakinsa kamar ya tsotsi tsohon kwabo, komai ɗanɗanon ƙarfe yake masa, in ana suyar nama a maƙwabta sai zuciyarsa ta tashi. Mu kuma har murna muke, wai jikinsa da kansa ya san abinda baya so. Ranar wanki kuwa ba a maganar ci sam. Mu fita bayan sallar asuba ciki ba komai dan kar yayi amai a mota, tafiyar kusan awa uku, a jira layi, a hau inji awa huɗu, a sauko jiki a sake kamar tsumma, kafin mu iso gida isha tayi ya faɗi yayi barci. Kwana biyu kenan a cikin bakwai da kusan ruwan shayi kaɗai ke shiga cikinsa. Da aka shiga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 lokacin da takardar naira ta ɓace, akwai satin da muka rasa kuɗin mota a hannu, kwana tara ba wanki, dattin ya taru a jini amai ya dawo, a lokacin ko kokon ma baya zama.

Abinda ya rufe mana ido shine sikeli. Duk zuwa sai an auna shi kafin ya hau inji, kullum yana nan wajen kilo 62 ko 63, sai mu ce ai bai rame ba. Ashe ruwa ne. Tsoka tana narkewa ruwa yana cike gurbin, ƙafa a kumbure ciki a cike, in ka gan shi cikin babbar riga sai ka ce lafiya lau. Kuma abin da yafi ci min rai, ni fa na yi aikin sa kai a ƙaramin asibitin garinmu wajen auna yara masu tamowa, na san ɗan tef ɗin nan mai kore da ruwan ɗorawa da ja da ake naɗa wa yaro a dantse, in ya gaza santimita 11.5 an shiga ja sai a ba shi madarar gyaɗar nan ta leda. Na iya gane yaro mai tamowa daga nesa a bayan uwarsa, na san mai kumburin ƙafa ma yunwa ce ke cinsa. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa dattijo mai rumbu uku a gida zai yi tamowa ba, kuma a hannuna.

Hula ce ta fara nuna min. Wata Juma'a ya sa zannarsa ta zame ta rufe masa kunne, ya tura ta baya ta sake zamewa, yara suna ta dariya shi ma yana yi. Na ƙura masa ido sai na ga gefen goshinsa biyu sun lotsa, ƙasusuwan wuya sun fito, agogonsa ya zame har kusan gwiwar hannu. A masallaci ranar akace sai da aka ɗaga shi daga sujada. Ga wajen robar wuyan kullum yana ruwa baya warkewa, zazzaɓi yau da gobe, gashin kansa yayi laushi yana zuba. Duk da haka wallahi ciwon na ɗora wa laifi, ban ɗora wa kwanon da nake kai masa ba.

Farkon watan Maris wata nas dattijuwa a ɗakin wankin tana gyara masa roba sai ta kama dantsensa ta matsa, ta juyo ta kalle ni tace ke ce 'yarsa? Nace eh. Tace me Baba ya ci jiya? Na lissafa mata har da alfaharina, ina jiran ta yaba. Tayi shiru tace shekaranjiya fa? Nace haka. Tace tun yaushe? Nace tun Disamba. Sai ta ajiye abin hannunta tace yarinya kuna biyan kuɗi ana wanke masa jini ku kuma kuna kashe shi da yunwa a gida. A gaban mutane ta faɗa, na ji haushi ƙwarai har na yi hawaye, amma yau in na tuna ta addu'a nake mata. Ita ta sa aka yi wani gwaji da ake kira albumin, mai nuna yawan abin gina jiki a jini, na Baba ya fito 26 alhali ana so ya kusanci 40, sannan ta haɗa mu da wata ma'aikaciya da aikinta kenan, tsara wa marasa lafiya abinci. Ni kafin ranar ban san ma akwai mai irin wannan aikin a asibiti ba.

Matar nan ta zaunar da mu ni da Yaya ta yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan. Tace kafin a fara wanki ana rage wa mutum abinci mai gina jiki ne dan ƙodar da ta gaji kar a ƙara mata kaya. Amma ranar da aka hau inji lissafi ya juya. Injin ba shi da wayon ƙodar da Allah ya halitta, yana kwashe datti yana haɗawa da abubuwan gina jiki, duk hawa ɗaya mutum yana asarar abinda ya kai giram 10 ko kusa da haka na sinadaran da jiki ke gina tsoka da su, ga ɗan jinin da ke maƙalewa a robobi. In ba a mayar ta baki ba jiki zai juya ya fara cin naman kansa. Tace mai wanki yana buƙatar furotin, wato abin gina jikin, fiye da ni da nake da lafiya, wajen giram 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa na gaskiya wanda ba ruwa a ciki. Ta ƙiyasta na Baba a kilo 55, ta buga a waya tace giram 66 kenan kullum. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, farinsa kaɗai wajen uku da rabi, yankan kifi ko kaza kamar tafin hannu wajen 20. Sai tace in lissafa abinda nake ba shi. Ko sulusi bai kai ba. Ta kuma ce ko an ba shi naman in bai samu abinci mai sa ƙarfi isasshe ba, tuwo da shinkafa da mai, jiki zai ƙone naman ne a matsayin makamashi, dan haka man gyaɗa da manja da Gwaggo ta hana a dawo da su, tunda ba shi da ciwon suga a sa masa suga ko zuma a koko. Yaya ya girgiza kai yace rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami, kaji goma sha a tsakar gidanmu suna ƙwai muna sayarwa muna haɗa kuɗin mota.

Komawa gida wani yaƙin ne. Inna tace ita da kunnenta ta ji likita ya hana Malam ƙwai, ba wata yarinya mai takarda da za ta zo ta canja. Sai da Yaya ya kira nas ɗin a waya ta yi mata magana da kanta sannan ta yarda, shi ma da sharaɗin in wani abu ya faru ba ruwanta. Shi kuma gogan yace warin ƙwai yana tayar masa da zuciya. Dabaru kala-kala na koya. Abinci in ya huce baya wari kamar mai zafi, sai in dafa ƙwai in bari yayi sanyi in cire gwaiduwar in daddatsa farin cikin shinkafa da mai da albasa. Ina fasa farin ƙwai cikin ƙullun waina, baya ma ganewa. Kifi ɗanye, tarwaɗa ko karfasa da Kawu yake kawo mana daga kogi, in dafa da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan lemon tsami dan ya kashe ƙarnin, romon kaɗan. Maimakon kwano uku manya da ke ba shi tsoro sai ƙananan faranti sau biyar ko shida, kafin ya ci ya goge baki da asuwaki ya kurkure dan ɗacin ya ragu. Ranar wanki kuma nake tashi ƙarfe huɗu in yi masa guzuri, ya ɗan taɓa kafin ya hau, ya ci sosai in ya sauko. Wasu wuraren suna bari a ci akan inji wasu basa bari saboda jini yana iya sauka, sai ka tambaya.

Kun san halinmu, in akace ci sai mu ce an sake mu. Gudun gara muka faɗa gidan zago. Azumin 2023 ya kama a ƙarshen Maris cikin tsananin zafi, Baba yaso ya ɗauka, limamin garinmu ya zo har gida yace masa Allah ya ɗauke maka, ciyarwa za ka yi. Ya haƙura amma yace ba zai bar zaman shan ruwa da iyalinsa ba. Toh ga tabarma an jera dabino da kunun tsamiya da lemo da kankana da kwaɗon zogale da ƙuli, mu kuma muna murna bakinsa ya buɗe, yana miƙa hannu muna tura masa. Matar nan mai tsara abinci ta yi mana maganar wani sinadari da ke cikin abinci wai shi fotasiyam amma ni furotin ɗin kawai na riƙe. Daren wata Lahadi, kwana uku rabonsa da inji, yace ƙafafunsa sun mutu baya iya ɗaga su, leɓensa yana masa wani yam-yam, ƙirjinsa yana bugawa yana tsayawa. Cikin daren muka nemi mota. Gwaji ya nuna fotasiyam ɗinsa 6.8, na mai lafiya tsakanin 3.5 ne zuwa 5, likitan yace wannan sinadarin in ya haura haka zuciya yake tsayarwa ba sallama, mutum yana zaune yana hira sai dai a ga ya kife. Aka yi masa allurai aka hau da shi inji na gaggawa, Allah ya sa da sauran shan ruwa.

Bayan wannan Inna ta ce kun gani ko, a koma farar shinkafa. Nan ne na tsaya da ƙafata nace a'a Inna, ba ƙwai bane ya jawo, ba kifi bane, dabino ne da tsamiya da zogale. Na koma wajen matar da littafi na yara na makaranta na rubuta komai. Masu fotasiyam da yawa sune dabino, ayaba, lemon zaƙi, tumatir musamman na gwangwani da na leda da busasshe, dankali da doya, kabewa, alayyahu, zogale, tsamiya, gyaɗa da wake in an cika. Ba wai haramun bane dukkansu, yawan ne da kuma tazarar wanki, wanda yake samun sau uku a sati yafi mu sarari. Ta koya min a fere dankali ko doya a yanka ƙanana a jiƙa a ruwa mai yawa na wasu awanni, a zubar, a dafa a sabon ruwa mai yawa a sake zubar da ruwan dahuwar, haka ganye ma a tafasa a tsiyaye. Kabeji da albasa da kokwamba da yalo sun fi sauƙi. Abin tausayi mutumin da ya shekara talatin yana loda kwandunan tumatir zuwa kudu yanzu tumatir ɗaya ake yanka masa a miya, sauran jan a cike da ɗan tattasai da albasa mai yawa. Ta kuma ja min kunne kan wani gishiri da ake sayar wa masu hawan jini a kantin magani, tace shi fotasiyam ne aka sa a cikinsa a madadin gishiri, ga mai wankin ƙoda haɗari ne babba, kuma wallahi akwai wanda ya taɓa kawo mana shi a matsayin tsaraba.

Gishiri da ruwa kuwa tare suke tafiya. Dunƙulen Maggi gishiri ne, kanwa da muke jefawa a miyar kuka da wake da ɗanwake ita ma danginsa ce, kilishi da tsire da yajinsu duk haka. In ya ci gishiri ƙishi zai taso, in ya sha ruwa ba fitsarin da zai fitar, sai ya taru a ƙafa da huhu ya kasa kwanciya sai a zaune. Ƙa'idar da aka ba mu, a auna fitsarin da yayi a yini da kwana a ƙara masa kamar ledar fiyawata ɗaya, rabin lita kenan, shine ruwansa na ranar. Kuma koko ruwa ne, kunu ruwa ne, fura ruwa ce, romo ruwa ne. Ku yi tunanin wannan a zafin Afrilu na ƙasar Haɗeja. Wannan yafi komai yi masa wuya, na taɓa kama shi da dare a bakin randa da moɗa a hannu kamar ɓarawo, muka kalli juna ya ajiye bai ce komai ba, na koma ɗaki nayi kuka. Yanzu muna sayen ƙanƙara a wajen mai sola a sa a kula, ya riƙa tsotsar ɗan gutsure, ko ya kurkure baki ya zubar, ko ya lasa lemon tsami. Da muka rage gishirin da gaske ƙishin ma ya ragu. Tukunyarsa daban nake yi, daddawa kaɗan da kayan ƙamshi su ke rufe rashin gishirin.

Sai ƙaiƙayi, har yana sosa bayansa da bango. Wannan kuma fosfaras ne akace, yana taruwa a jini yana kuma raunana ƙashi. Yana cikin madara da nono da kindirmo, ƙuli-ƙuli, kayan ciki, ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, da baƙin lemon kwalba. Wahalar ita ce kusan duk abu mai gina jiki yana da shi, shi yasa farin ƙwai yake da daraja a wajensu, yana gina jiki fosfaras ɗinsa kuma kaɗan ne ƙwarai. Akwai wata farar ƙwaya ta kalsiyam da aka rubuta masa tun farko, mu muna ba shi da dare in zai kwanta tare da na hawan jini. Ashe aikinta ta kama fosfaras ɗin abinci tun a ciki kafin ya shiga jini, dan haka a tsakiyar cin abinci ake tauna ta. Wata huɗu muna sayen magani muna ba shi a lokacin da ba zai yi aikin da aka rubuta shi dominsa ba.

Maganar kuɗi ba zan tsawaita ba dan duk mai wannan jinyar ya sani. Shanun huɗa biyu Yaya ya kai kasuwar Maigatari wata Alhamis, daga baya fadama ɗaya ta tafi jingina. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, ga allurar ƙarin jini da ta sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, ga gwaje-gwaje. Akwai masu ce mana me zai hana ayi dashe tunda tun 2002 ake yinsa a asibitin Malam Aminu Kano, Yaya ma yace zai bayar da tasa, amma kuɗin aikin da na maganin da za a sha har ƙarshen rayuwa ba na irinmu bane. Abinda na lura a layin wanki shine iyalai da yawa duk abinda suka samu inji suke kai wa, ba wanda yake ware na ƙwai da kifi, gani ake abinci ai ba magani bane. Ban ga laifinsu ba dan ni ma haka nayi, amma na ga mutane da idona suna zuwa akan lokaci basa fashi suna ta ƙanƙancewa, ƙaramin zazzaɓi sai ya tafi da su. Mu dai muka daina sayar da ƙwai, Inna da kanta ta ƙara kaji da zabi, yanzu ita ce mai tsaron akurki ba mai taɓa ƙwan Malam, gwaiduwar kuma jikoki ke layi a kanta, shi ana bar masa guda ɗaya wani lokacin. Kuma dan Allah masu zuwa dubiya, ledar ayaba da lemo da gwangwanin madara da kuke kawowa mu muke shanyewa, in da hali ku riƙo ƙwai ko da biyar ne.

Ba zan ce Baba ya warke ba, ƙoda in ta kai nan bata dawowa. Har yanzu siriri ne, akwai ranakun da yake ture kwano in yi ta lallashi, Baba dan Allah ko loma uku, yace Uwata kin fi nas ɗin can takura. Amma an yi masa haɗin jijiya a hannu inda ake jona inji yanzu, an cire robar wuya kuma wajen ya warke, gwajin albumin na ƙarshe 36 ya nuna, yana zuwa masallaci da ƙafarsa yana tashi daga sujada ba mai kama shi. Na samo tef na manya ina auna dantsensa duk farkon wata ina rubutawa a bayan littafin nan, dan na daina yarda da sikeli shi kaɗai.

Ita matar Gumel na matsa kusa da ita na gaishe ta nace Yaya tun yaushe yake cin wannan? Tace tun da aka fara. Na so in miƙa mata ƙwai biyu daga guzurin Baba sai na fasa, dan tace mijin yana da suga, kuma ban san me gwajinsa yake nunawa ba, abinda ya dace da namu ba lallai ya dace da nasu ba, kar ni ma in zama cikin 'yan dubiyar da ke kafa doka. Na kama hannunta na kai ta ƙofar ofishin matar nan mai tsara abinci na tsaya har aka kira ta. Ban san me aka ce mata ba dan kafin ta fito an sauko da Baba. Gobe Litinin ranarmu ɗaya da su, zan duba kwanonta. Bari in je in jiƙa shinkafar waina, mota ƙarfe biyar da rabi take tashi.